Ruwa ya dawo Sahel, amma damina ta sauya hali

A farkon watan Satumban 2024, tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya. A daminar nan ambaliya ta hallaka mutane sama da 300 a Nijar, fiye da 500 a Chadi, ta kuma raba dubban iyalai da gidajensu a Yagoua da ke arewacin Kamaru. Watanni biyar kafin haka, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali.

Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 za su yi mamakin yadda ruwa ya koma abin tsoro. Gaskiya ne tun shekarun 1990 yawan ruwan shekara ya farfaɗo a yankin. Sai dai yanzu yana zuba ne a cikin kwanaki kaɗan da ƙarfin gaske, sannan ya ɗauke har shuka ta fara yaushi.

Masana na danganta wannan da zafi. Damina na zuwa ne idan iska mai laima daga Tekun Atlantika ta hauro arewa ta haɗu da busasshiyar iskar Sahara. Hamadar na ƙara ɗumama, kuma hakan na ƙara wa hadari ƙarfi. Wani bincike da mujallar Nature ta wallafa a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam na shekaru 35, ya gano cewa manyan hadura sun ninka sau uku a Sahel tun 1982. Zafin tekuna kuwa, ciki har da sauyin El Nino da La Nina, shi ke sa wata shekarar ta fi wata ruwa.

Don haka jimlar milimita ba ta isa a ce damina ta yi albarka ba. Ruwan da ya sauka dare ɗaya kan busasshiyar ƙasa kwarara yake yi, ya tafi da taki da iri.

Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai na fitar da hasashen damina kowace shekara. Muddin hasashen bai isa kunnen manomi da harshensa kafin shuka ba, kuma hukumomi na barin ana gini a hanyar ruwa, asarar 2024 za ta iya maimaituwa.