Direba na gaba, akwatin kiɗa na baya, yara a tsakani

Duk mai shiga motar haya tsakanin Ibohamane, Keita da Tahoua ya san yadda abin ya koma a ƴan shekarun nan. Sai ka ga mota gilashinta a tsage, ƙofarta sai an ɗaure da igiya, amma kayan kiɗanta sabbi fil. An cire rediyon da ta zo da shi daga kamfani, an sa mai karɓar katin waya da Bluetooth, an ƙera akwatin katako an saka masa lasifika mai faɗin faranti, an tura shi ƙarƙashin kujerar baya. Samarinmu da ke dawowa daga bida, ko daga Abijan ko Legas ko Libiya, da yawansu in Allah ya hore musu mota, wajen mai gyaran wayoyin lantarki suke fara kai ta kafin wajen mai birki.

Ba na cikin masu cewa canza rediyon mota almubazzaranci ne. Motocin da ke iso mana tsofaffi ne, sun gama aikinsu a Turai ko Amurka kafin su sauka a tashar jirgin ruwa. Lasifikar da ke cikin ƙofofinsu galibi da takarda aka yi fuskarta, ga zafin Adar, ga ƙurar hunturu, ga gargadar hanyar duwatsu, dole ta bushe ta yage. Rediyon kansa wani lokaci ba don mu aka yi shi ba. Wanda aka ƙera don kasuwar Amurka yana tsallake duk tashar FM da lambarta ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8 bayan ɗigo, tsohon na Japan kuwa daga 76 zuwa 90 yake tsayawa, alhali tashoshinmu suna tsakanin 87.5 da 108. Direban da ke wuni a hanya yana da haƙƙin ya ji labarai da wa'azi da waƙa tangaram. Inda nake da magana shi ne irin gyaran da ake yi, da wurin da ake ajiye akwatin.

Ku dubi zaman cikin mota. Direba yana gaba, kusa da inji, taga a buɗe, iska na kaɗa masa kunne. Akwatin yana can baya. Don sautin ya iso gare shi sama da rurin inji, sai ya yi ta murɗa maɓalli. Su wa ake turawa kujerar baya? Mata da goyo, da yaran da ake ɗorawa a cinya don kada a biya musu kuɗin kujera, da ɗalibai masu komawa makaranta bayan hutu. Wanda ke riƙe da maɓallin shi ya fi kowa nisa da lasifikar, wanda ba ya da bakin magana kuma kansa na jingine da ita. In tafiyar ta awa biyu ce, awa biyun nan duk a haka zai yi su.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana iya sauraren desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, yaro kuma 75. Duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi: a 83 saura awa 20, a 86 saura awa 10, in an kai 100 abin da ya rage bai wuce kamar minti 20 ba a mako guda. Ba sai da na'ura za ka gane ba. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke zaune kusa da kai, tazarar hannu ɗaya, ya ji abin da kake faɗi, to ƙarar ta riga ta shiga inda take ɓarna. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan sashe mai kamar katantanwa, a cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi wajen dubu 15 ko 16. Su ke mai da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa, kuma wadda ta mutu a cikinsu ba ta sake tsirowa. Wannan ƙugin da mutum ke ji a kunne bayan ya sauka daga mota alama ce cewa an wahalar da su. Ko karatun Alƙur'ani ne aka sa da wannan ƙarfi, illar ga kunne ɗaya ce, kada wani ya fake da cewa shi ba kiɗa yake sawa ba.

Abin takaici, kuɗin ma ba ya sayen abin da aka fita nema. Kwalin da aka rubuta wa wat 1000 ko 3000 da manyan haruffa, lambar talla ce. Lambar gaskiya ita ce wadda aka rubuta RMS kusa da ita, kuma sau da yawa ƴar kaɗan ce. Rediyon mota na yau da kullum bai cika ba kowace lasifika fiye da wat 15 zuwa 20 na gaskiya ba, kuma cikin mota wannan ya isa. In ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai ka ƙara: kunne da ƙyar zai lura da bambancin, amma lokacin da zai iya jurewa ya ragu da rabi. In aka tilasta wa ƙaramin rediyo ko amfilifaya mai araha ya ba da abin da ba ya da shi, sai sautin ya dakushe ya koma ƙara-ƙara, kalmomi su cakuɗe, daga nan lasifikar ta ƙone. Direba ya ji bai gane abin da mai waƙa ke faɗi ba, sai ya ƙara murɗawa.

Gyaran da ya fi kyau shi ya fi araha. A fara da lasifikan gaba, na cikin ƙofa ko na kan allon direba, a sa masu kyau daidai girman ramin, masu om 4 kamar yadda yawancin rediyon mota ke buƙata. A ɗaure su tamau, a toshe duk inda ƙarfen ƙofa ke kakkaɓi, don rabin abin da ake kira mugun sauti kakkaɓin kwano ne. A tabbata ba a juya wayar ɗaya ba, domin in ɗaya na turawa ɗaya na ja, kaurin sautin sai ya ɓace, mai mota ya ɗauka akwati ne ba shi da shi. Sannan a shiga saitin rediyon a karkato da sauti gaba, kusan kowane rediyo yana da wannan. In sautin na fitowa tazarar kamu biyu daga kunnen direba, ba ya da dalilin kurmantar da na baya. Wanda kuma ya nace sai ya sa amfilifaya, to wayar da ta taso daga batir a sa mata fiyus nan kusa da batirin. Wayar da aka ja tsirara ƙarƙashin tabarmar mota, tana gogar ƙarfe a kan gargada, gobara ce ke jiran ranarta, a motar da ake ɗaukar jarkar fetur.

Direbobi za su ce kiɗan ne ke hana su gyangyaɗi, wasu fasinjojin ma su ke cewa a ƙaro. Na yarda da na farkon har wani wuri, shi ya sa na ce a kawo sautin gaba inda mai gyangyaɗin yake. Amma direban da ba ya jin oda daga bayansa, ba ya jin bugun karen mota a jikin ƙarfe, ba ya jin taya ta fara ƙara, farkawarsa ba ta cika ba.

Mu malamai a aji muke ganin ƙarshen abin. Gaskiya ne ba lasifika ce babbar mai kurmantar da yaranmu ba. Ciwon kunne mai fitar da mugunya da ba a yi wa magani ba, da sanƙarau, da ƙyanda, sun fi ta ɓarna, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara ana iya kauce masa. Sai dai ƙarar tana hawa ne kan kunnen da ya riga ya raunana. Kuma abin da take fara ci shi ne siraran sautuka, irin su s da f da sh. Yaron yana jin muryar malam, amma baƙaƙen sun zube masa. A Hausa yana iya cike gurbin da hankali tunda harshensa ne. A Faransanci, da yake koyo yanzu, da me zai cike? Sai a yi shifta ya sha jan biro, a ce masa dakiki ko mai taurin kai, wani lokaci har da bulala.

Abin da ke hannunmu ba ya buƙatar kuɗi. Uwa ko uba na iya cewa direba ya rage, da ladabi, tun a tasha kafin mota ta tashi, ko a nemi a ɗauke yaro daga kan akwatin. Kwamitin makaranta da ƙungiyar iyaye su zauna da shugabannin direbobi na tasha, waɗanda su ma ƴaƴansu na cikin azuzuwanmu, a roƙi abu guda: in akwai yara a baya, a kashe lasifikar baya. Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar ji ta duniya, ta isa dalilin kiran wannan zama. A aji kuma, yaron da kullum ke juyo da kunne ɗaya, ko yake zuba wa bakin malam ido, ko sai an kira shi sau uku, a tsaya bayansa a faɗi ƴan kalmomi a hankali a ce ya maimaita. In ya kasa, a dawo da shi bencin gaba, a kira iyayensa su kai shi likita, in ta kama har asibitin Keita ko babban asibitin Tahoua.