Garin da fadama ke wanke masa ruwan ƙazanta



A arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka akwai wani ƙaramin gari, Arcata, da mutanensa ba su kai dubu 20 ba. Yana bakin mashigin teku na Humboldt, kuma duk abin da ya fito daga banɗaki da madafar gidajensa can yake ƙarewa. A wannan ruwan ake kiwon kawa, wadda mutanen can ke ci ɗanya. Ita kuwa kawa tace ruwa take yi ta samu abinci, don haka duk cutar da aka zuba a ciki takan tara ta kai wa mai ci.

A 1974 jihar ta hana zuba ruwan ƙazanta a irin wannan mashigi, sai in zai ƙara wa wurin amfani. Hukumomi suka kawo shawarar gina babbar matata guda, a ja bututu daga garuruwan yankin zuwa cikinta. Mutanen Arcata suka duba kuɗin, suka duba aljihunsu, suka ce ba da su ba. Malamai biyu na jami'ar Humboldt, George Allen masanin kifi da Robert Gearheart injiniya, suka tsaya wa garin a kan cewa fadama za ta iya aikin. Allen ya riga ya shekara da shekaru yana renon kifin salmon a ruwan da aka tace daga wannan ƙazantar. Aka yi gwaji na 'yan shekaru, aka kammala aikin a 1986, a filin da a da juji ne da kangon masana'antar katako.

To, kada wani ya ɗauka kwata aka saka cikin ciyawa aka koma gida. Da farko injuna ne ke tsame tsumma da yashi. Sai a tsayar da ruwan a tanki har lakar ta kwanta, a kwashe ta a mayar da ita taki. Daga nan ruwan ya shiga manyan tafkuna, inda gansakuka ke samar da iska, ƙwayoyin bakteriya kuma suna cinye dattin. Sannan ne yake ratsa fadama a hankali, tsakanin saiwoyi, inuwar ciyawa tana kashe gansakukar, sauran gurɓin yana kwanciya. Ko bayan haka sai an kashe ƙwayoyin cuta kafin a sake shi.

Wani abin da ya ja hankalina, cikin ciyawar da ke wannan aiki har da kacala, dangin wadda ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗejiya da Nguru ta hana manoma da masunta sakat. A Arcata ma in aka ƙyale ta sai ta cunkushe. Dole a riƙa saranta, a yashe laka, a auna ruwan kullum.

Yau wurin ya haura eka 300, an ƙirga tsuntsaye sama da iri 300 a cikinsa, kuma da yamma mutane kan fito da 'ya'yansu shan iska a gefen ruwan da ya fito daga gidajensu. A ganina garin ya yi daidai da ya zaɓi abin da zai iya biya, ya kuma iya kula da shi da ma'aikatansa.

Amma tsufa ya kama wurin. Ƙa'idojin jiha sun ƙara tsanani, har ta kai garin ya kashe miliyoyin daloli wajen sabunta injuna da maye gurbin sinadarin kulorin da fitilu masu kashe cuta. Ga kuma teku. Ƙasar bakin Humboldt tana nutsewa sannu a hankali, ruwa yana hawa, tafkunan kuwa shingen ƙasa ne kawai ya raba su da shi.