Gambo, Ahmed Musa Da Ƙwallayen Da Ba A Rubuta Ba

Ɗan wasan gaba shi ne wanda ƴan kallo suka fi daɗewa suna tunawa bayan ya bar fili. Mai tsaron gida zai tare ƙwallo goma a manta kafin Magariba, ɗan baya zai yini yana share gida babu mai yi masa sannu, amma wanda ya zura ƙwallo a raga sunansa yana bin ƴan kallo har gida. A Haɗejiya da garuruwan da ke gefen kogi, daga Auyo zuwa Kafin Hausa, daga Malam Madori zuwa Guri da Kiri Kasamma, idan hirar majalisa ta gangaro kan ƙwallon gida, da wuya a tashi ba a ambaci Gambo Muhammad da Ahmed Musa ba. Dalilin a bayyane yake. Lokacin da aka kafa Kano Pillars a 1990, Haɗejiya tana cikin Jihar Kano, sai a watan Agustan 1991 aka fitar da Jigawa. Iyaka ta raba ofisoshi, amma Bahaɗejen da ya fara kirarin Pillars na Sai Masu Gida bai daina ba.

Waɗannan ƴan wasa biyu sun saka riga ɗaya ta Pillars, sun taka leda a fili ɗaya, filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, amma yadda ake tuna su ya bambanta ƙwarai, kuma bambancin ba na gwaninta ba ne kawai.

Ahmed Musa yana da lamba. A kakar wasa ta 2009 zuwa 2010 ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a gasar Firimiya ta Najeriya, ya wuce ƙwallo 17 da Ishaya Jatau ya ci a 1990. Daga nan ya tafi Holan, ya wuce Rasha, ya je Leicester City a Ingila a 2016, sannan Saudiyya da Turkiyya. Ƙwallo biyu ya ci Ajantina a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya ƙara biyu a ragar Aislan a 2018. Duk wannan a rubuce yake, da rana, da minti, da hoto. Idan gardama ta tashi a kansa, yaro ɗaya ne zai zaro waya a kashe ta. An ma san wanda ya wuce shi a gida: Jude Aneke na Kaduna United ya ci 20 a kakar da ta biyo baya, Mfon Udoh na Enyimba ya kai 23 a 2014.

Gambo kuwa, wanda ya zauna a gida ya yi wa ƙungiya ɗaya hidima shekara da shekaru har ya ɗaura ƙyallen kyaftin, labari yake da shi. Yana cikin waɗanda suka ɗauki kofin Firimiya sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014. Koci Stephen Keshi ya tafi da shi Burazil gasar zakarun nahiyoyi a 2013, ya shigo canji a wasan da Sifen ta ci Najeriya uku da nema, ya samu dama a gaban raga ƙwallo ta bi gefe. A watan Maris na 2015 ƴan fashi suka buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, ƙungiyar tana tafiya Owerri wasa, ƴan wasa biyar suka jikkata, Gambo yana cikinsu. Mutum ne da ya zubar da jini a kan hanyar zuwa aiki. To amma a tambayi majalisa ƙwallo nawa ya ci wa ƙungiyarsa tun daga ranar da ya fara, sai a ga kowa ya gyara zama. Wani zai ce sun fi ɗari, wani zai rantse ba su kai ba, na ukun zai ce ai shi da idonsa ya gani. Abin takaicin shi ne, ƙwallon da ya ɓarar a gaban Sifen tana nan a faifai, kowa na iya kallonta yau, domin baƙi ne suka ɗauka suka adana. Ƙwallayen da ya ci a ranakun Lahadi da Laraba, a gaban mutanensa, mafi yawansu sai dai a ji a baki.

Laifin na rashin ajiye tarihi ne, kuma masu riƙe da ragamar ƙwallo a kowane mataki ne ke ɗauke da shi. Ba a rubuta ba. Wasa ya tashi, alƙali ya busa, an watse, ba a rubuta ba. Takardar da aka jera sunayen ƴan wasa a kanta ta shiga aljihun wani, an wanke wandon da ita. Sabbin shugabanni sun zo, tsofaffi sun tafi da fayil, idan ma akwai fayil ɗin. Ana samun kuɗin ɗinka wa jami'ai riguna, ana samun kuɗin fentin mota da buga allon taya murna, amma kuɗin littafi da biro da albashin mutum ɗaya mai rubuta wanda ya ci da wanda ya ba shi, wannan ne kasafi ba ya iya ɗauka. Ikon Allah.

Haɗejiya ma ta ga nata rabon. A 2012 Jigawa Golden Stars ta buga gasar Firimiya, manyan ƙungiyoyin ƙasar nan suka riƙa zuwa filin wasa na Haɗejiya, mutanen ƙauyuka suka riƙa shigowa gari a kan babura domin su ga ƴan wasan da da sai dai su ji su a rediyo. Ƙungiyar ta sauka a ƙarshen kakar, ta sake hawa a 2019, ta yi wasu wasanninta na gida a Kaduna, ta sake sauka a 2021. Waɗanda suka cika filin a 2012 suna nan da ransu, yawancinsu yanzu magidanta ne. Kowannensu yana da ƙwallon da yake tunawa, da kusurwar da aka bugo ta, da ihun da aka yi. Sai dai idan aka tara su wuri ɗaya aka ce su jera waɗanda suka ci, za a kwana ana musu. Wannan gari ne da ya riƙe labarin Sarki Buhari, ya riƙe labarin yaƙin 1906 da shahadar Sarki Muhammadu, da sunayen jarumai da ƙofofin da aka gwabza. Garin da ya iya wannan bai rasa ƙwaƙwalwa ba. Abin da ƙwallo ta rasa shi ne mai zama ya rubuta.

Tuni na baki yana da daɗi, kuma ba abin rainawa ba ne. Shi ne ke sa tsohon ɗan wasa ya shiga kasuwa a ƙi karɓar kuɗinsa. Amma yana da halinsa. Yana ƙara gishiri, yana rage wanda ba ya so. Bugun da aka yi daga bakin da'ira, bayan shekara goma sai ya koma daga tsakiyar fili. Ƙwallon da wani ya ci sai a ba wa wanda ya fi suna. Wanda ya yi ta ba da ƙwallo ana ci, shi kam an binne shi tun da wuri. Manomin fadama ya san abin da ke faruwa idan ruwa ya janye ba a kafa shaidar iyaka ba: mai ƙarfin murya ne ke da gona. Haka tarihin ɗan wasan gida yake a majalisa.

A nan ne gidan kallo ke shigowa. Yaron da bai taɓa wuce Gumel ba zai faɗa cewa Thierry Henry ya ci wa Arsenal ƙwallo 228, Alan Shearer ya ci 260 a Firimiyar Ingila, Haaland ya ci 36 a kaka ɗaya. Dattawa suna jin haushin wannan, suna cewa yaran zamani sun raina na gida. Yaran ba su da laifi. An ba su lamba sun haddace. An nuna musu ƙwallo ɗaya sau ashirin ta kusurwa biyar sun riƙe. Da an ba su lambar Gambo da sun haddace ta kamar yadda suka haddace 18 ɗin Ahmed Musa. Ba a rubuta ba, sannan ana mamakin ba a karanta ba. Ko Rashidi Yekini, wanda ya tashi a Kaduna ya fara da ƙungiyar masaƙar UNTL, abin da duniya ta riƙe nasa shi ne ƙwallo 37 da ya ci wa Najeriya, da 21 da ya ci a gasar Fotugal a kakar 1993 zuwa 1994, da ranar da ya kama raga yana kuka bayan ya ci Bulgeriya a 1994. Shekarunsa na farko a gida sun rage a bakin tsofaffin ma'aikatan masaƙa, su ma suna ta ƙarewa.

Kuma ma ina filin da za a samu wani Gambo? A yankin Haɗejiya damina ce ke tsara jadawalin wasa. Idan kogi ya cika ya tumbatsa, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, filayen unguwa su ne farkon zama tafki, makarantun da ke kan tudu kuma su koma mafakar waɗanda ruwa ya kora. Wannan daga Allah ne, da ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa, kuma babu mai cewa a bar mutane a ruwa domin yara su yi tamaula. Amma filin da ruwa ya ci yana dawowa da rani. Filin da aka yanka fulotai ba ya dawowa. Unguwa nawa ce ta wayi gari ta ga tubali a inda turakun raga suke? Filin firamaren da ya fitar da ƴan wasan gari, yau an jera shaguna a bakinsa, gobe an gina katanga, jibi an ce yara su je wani wuri. Wane wuri? Masu yanka filin ba su tambaya ba, kuma su ma ba su rubuta cewa a nan aka taɓa buga wasan ƙarshe na gasar Sallah ba. Yaro mai ƙafar hagu da ya kamata a gani yana da shekara goma sha biyu, yanzu yana zaune a benci a gidan kallo yana biyan kuɗi ya ga yaran wasu.

Ƙungiyoyin unguwa, waɗanda ke karo-karo su sayi ƙwallo da riga, su ma suna cikin wannan sakaci. Kowane gari a masarautar Haɗejiya yana da nasa tsohon lamba tara, wanda ake cewa da ya samu hanya da ya buga wa ƙasa. Wataƙila gaskiya ne. Yau yana sayar da kifi ko yana tuƙa mota, gwiwa tana damunsa, kuma shaidar da yake da ita hoto ɗaya ne da ya koɗe. Idan ƙungiya ta so karrama shi, da me za ta kafa hujja? Idan ya nemi aikin horar da yara, wace takarda zai nuna? Rashin rubutu yana hana shi suna, yana kuma hana shi abinci. Ɗan wasan da za a sayar waje ma, abin da mai saye ke fara tambaya shi ne wasa nawa ya buga, ƙwallo nawa ya ci, ina faifan. Ƙungiyar da ba ta da amsa ita ke karya farashin ɗanta da hannunta.

Gyaran bai kai kuɗin motar zuwa wasan waje ɗaya ba. Kowace ƙungiya, babba da ƙarama, ta ware mutum ɗaya da littafi ɗaya: rana, fili, abokan karawa, sunayen ƴan wasa, wanda ya ci, minti nawa. Littafin ya zama na ƙungiya, kada ya bi shugaba gida ranar da aka sauke shi. Wayar da ake ɗaukar hoton biki da ita ta isa ta ɗauki wasa. Gidajen rediyo da ke watsa wasanni kai tsaye su daina goge muryoyin masu sharhinsu, domin a cikinsu ne kaɗai wasu ƙwallaye suka rage. Ɗaliban makarantun gaba da sakandare da ke neman abin bincike su ɗauki na'ura su bi tsofaffin ƴan wasa da tsofaffin magoya baya a Haɗejiya da Kano, a ji daga bakinsu, a gwada da jaridun lokacin, a tace.

Gambo Muhammad yana raye, abokan wasansa suna raye, waɗanda suka cika filin Haɗejiya a 2012 suna raye. Masu riƙe da ragamar ƙwallo su aika a zauna da su a rubuta tun yanzu, kafin kakar wasa mai zuwa ta fara.