Kombuca da sana'ar abin sha a gida: lambar NAFDAC kaɗai ba ta wadatar ba

Tsadar rayuwa ta sa mata da matasa a Dogon Daji, Tambuwal da Kebbe sun rungumi sana'ar kunu, zoɓo da lamurje. Ga kuma intanet na tallata kombuca, wato shayi da sukari da ake bari su tsimu kwana 7 zuwa 14.

Tsimin nan yana haifar da 'yar giya. A Amurka, abin shan da giyarsa ta kai kashi 0.5 cikin ɗari barasa ne a idon doka. A 2010 ma an janye kombuca daga kantuna saboda ya wuce wannan haddi. Zafin ƙasar Sakkwato, mai haura digiri 40 a bazara, yana gaggauta tsimi ko a cikin kwalba.

Muslim ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Annabi (SAW) ba ya shan jiƙon zabibi bayan kwana na uku. Ƙa'idar kuwa: duk abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne.

Saboda haka 'yan'uwa, rajistar CAC da lambar NAFDAC haƙƙin hukuma ne. Haƙƙin mai saye shi ne gwajin giya da sanyin firji marar yankewa. Wanda bai da halin wannan, ya tsaya ga zoɓo. Allah Ya ciyar da mu halal.