Zufar Siminti a Watan Agusta

A shekarun da muke haya a Kaduna, damina ta taɓa haɗa mu rigima da mai gida a kan gareji. Da safe in an buɗe ƙofa, sai a tarar daɓen siminti ya jiƙe sharkaf, ga santsi. Buhun masarar da ke lungu ya soma warin fumfuna, spanoni sun yi tsatsa. Mai gida ya ce kwano ne ke yoyo, aka hau aka duba, ko hudar allura babu. Maƙwabci ya rantse birkila ne ya ci kuɗin siminti.

Wani dattijon magini ne ya raba gardamar. "Alhaji, kafin ka fasa ƙasa, a ba ni leda da salatif." Ya shimfiɗa ledar a tsakiyar daɓen, ya manne gefunanta kaf, ya ce a bar ta kwana biyu. Da aka dawo, samanta ya yi raɓa, ƙarƙashinta kuwa a bushe. Ruwan ba daga ƙasa yake tsattsafowa ba, iska ce ke sauke shi.

Siminti yana kwana da sanyin dare, kuma ba ya saurin ɗumama. Iskar Agusta kuwa ɗumi gare ta, ga ta maƙare da laima. In zafi ya kai digiri 30, laima kashi 80 cikin 100, duk abin da sanyinsa ya sauka ƙasa da digiri 26 zai yi zufa, kamar kwalbar lemo da aka ciro daga firji. Wangale ƙofar da muke yi da hantsi "don wuri ya sha iska" ashe ƙara wa Borno dawaki ne.

Maganin bai ci kuɗi ba. Aka ɗora buhuna a kan katako, aka janye su daga bango, aka kunna fanka tana kaɗa ƙasa, motar da ta sha ruwan sama kuma ta tsane a waje tukuna. Fenti mai sheƙi da wasu ke shafawa ba ya hana komai, santsi kawai yake ƙarawa.

Da ƙarƙashin ledar ne ya jiƙe, da zancen ya sha bamban: ba a shimfiɗa leda kafin zuba kankare ba ke nan, sai gyaran magudana ko sabon daɓe. Mai gidanmu dai ya riga ya sayi bandir ɗin kwano, a wannan garejin ya ajiye shi har muka tashi.