Masu Ilmi Ne Suka Rataye Mutanen Salem

Duk sa'ad da aka ta da zancen shari'ar mayu da aka yi a Salem ta ƙasar Amurka cikin 1692, sai ka ga masu ilmi sun yi murmushi sun ce ai haukar jama'a ce, tsoro ne ya bi talakawa gida-gida kamar annoba, duhun kai ne irin na mutanen da. Da sun faɗi haka sai su rufe littafi, hankalinsu kwance. Mu kam ba mu yarda ba. A ganinmu wannan bayani gata ne aka yi wa masu ilmi da masu riƙe da ofis, aka sauke laifi daga kansu aka aza wa ƙauyawa.

Ga yadda abin ya faro. Mazauna yankin Masacusets a lokacin 'yan Furitan ne, watau Kiristocin da kakanninsu suka baro Ingila don a ganinsu cocin ƙasar bai tsarkaka ba. A farkon 1692 'yan mata biyu a gidan Samuel Parris, limamin cocin ƙauyen Salem, suka soma faɗuwa suna kururuwa suna murɗe jiki: 'yarsa Betty mai shekara 9 da 'yar'uwarta Abigail Williams mai shekara 11. Likita ya duba, ya rasa gane cutar, ya ce sammu ne. Aka matsa wa yaran su faɗi mai kama su, suka ambaci mata uku: Tituba, baiwar gidan, da Sarah Good, mabaraciya, da Sarah Osborne, wata mai ciwo da ta daɗe ba ta zuwa coci. Gwano ba ya jin warin jikinsa: jama'ar da ke alfahari da tsarki ta fara da waɗanda ba su da mai tsaya musu.

To, har zuwa nan muna iya yarda a ce tsoro ne. Mutanen suna cikin yaƙi da Faransawa da 'yan asalin ƙasar a kan iyakar arewa, 'yan gudun hijira na ta kwararowa da labarin kisa. Sarkin Ingila ya soke takardar mulkin yankin tun 1684, ba wanda ya san inda aka dosa. Ƙauyen kansa ya rabu biyu tsakanin gidan Putnam da gidan Porter a kan filaye da albashin liman. A 1976 ma wata mai bincike ta ce wataƙila funfunar hatsi ce ta shiga burodin yaran ta juya musu kai. A bar mata hasashenta. Funfuna ba ta taɓa sa hannu a takardar kisa ba.

Wanda ya sa hannu sunansa William Stoughton, mataimakin gwamna, wanda ya yi karatu a Harvard da Oksfod. A watan Mayu na 1692 Gwamna William Phips ya kafa kotu ta musamman ya naɗa shi shugabanta. Cikin alƙalan har da Samuel Sewall, shi ma ɗan Harvard. Waɗannan manyan mutane su ne suka karɓi abin da za mu kira shaidar kurwa. Yarinya za ta miƙe a kotu ta ce kurwar wance ta zo mata da dare ta shaƙe ta, ko ta nuna rufin ɗaki ta ce ga ta can a zaune. Ba mai ganin komai sai ita. Yaya mutum zai kare kansa? In ya kawo shaidu goma cewa yana gida a daren, sai a ce jikinsa ne ke gida, kurwarsa tana yawo. Alƙalin da ya yarda da irin wannan shaida ya gama yanke hukunci tun kafin a shigo da wanda ake tuhuma.

Sa'an nan suka ƙara wata dabara wadda ta fi ta farko muni. Wanda ya amsa laifi ya ambaci abokan maitarsa, a ajiye shi a kurkuku da ransa. Wanda ya dage cewa ba shi da laifi, igiya. Mutum fiye da 50 suka amsa, kowane kuwa ya jawo wasu. Ashe annobar da ake cewa ta bi gari, kotu ce ke ɗaukarta tana rabawa.

Ku dubi Rebecca Nurse, tsohuwa mai shekara 71, wadda maƙwabta 39 suka sa hannu a takarda suna shaidar halinta. Mutum 12 da aka zaɓo daga cikin jama'a su yanke hukunci suka ce ba ta da laifi. Yaran suka ɓarke da ihu, Stoughton ya nemi mutanen su sake tunani a kan wata kalma da ta faɗa. Aka tambaye ta, tsohuwar ba ta ji sosai, ba ta ba da amsa ba. Aka rataye ta ranar 19 ga Yuli. To, a nan wa ya haukace, talakawan da suka wanke ta ko malamin da ya mai da su? Haka kuma ranar 19 ga Agusta, da George Burroughs, tsohon limamin ƙauyen, ya karanta Addu'ar Ubangiji ba tuntuɓe a gindin igiya, abin da aka ce maye ba ya iyawa, taron ya raunana, har aka ji tsoron za su hana kisan. Cotton Mather, fitaccen malamin Boston, shi ne ya yi musu jawabi daga kan doki cewa Shaiɗan na iya shiga rigar salihai. Aka ci gaba.

Daga Bridget Bishop ranar 10 ga Yuni zuwa mutum takwas na ranar 22 ga Satumba, an rataye 19, mata 14 da maza 5. Giles Corey, dattijo mai kimanin shekara 80, ya ƙi miƙa kansa ga kotun, aka yi ta jibga masa duwatsu a ƙirji har ya cika. Aƙalla mutum biyar sun mutu a kurkuku. An ɗaure har yarinya 'yar shekara huɗu, Dorothy, 'yar Sarah Good. Duk wannan da takardu aka yi shi: akwai sammaci, akwai magatakarda, akwai hatimi, akwai jami'in da ke bin gidaje yana kwashe shanu da kayan ɗaki, akwai lissafin kuɗin abinci da na sarƙa da fursuna zai biya kafin a sake shi. Mu da muke shirin zama a bayan tebur, ko muka riga muka zauna, wannan sashe ne ya kamata ya hana mu barci.

Za a ce mana ai mutanen zamaninsu ne, kowa ya gaskata da maita. Gaskiya ne, amma ba hujja ba ce. A cikin Oktoban shekarar Thomas Brattle, ɗan kasuwar Boston, ya rubuta wasiƙa yana tsiraita shari'ar. Increase Mather, shugaban Harvard kuma mahaifin Cotton, ya fito ya ce gara mayu goma su tsira da a hallaka mutum ɗaya marar laifi, ko da yake bai buɗe baki sosai ba sai da aka binne mutum 20 kuma zargi ya fara taɓa manyan gidaje. Ranar 29 ga Oktoba Phips ya rushe kotun. Da sabuwar kotu ta daina dogara da shaidar kurwa, sai shari'o'in suka zube kusan duka. Imani da maita bai gushe ba a cikin wata uku; ƙa'idar ofis ce aka sauya, kisa ya tsaya.

A Janairun 1697 Sewall ya miƙe tsaye a coci aka karanta takardar tubansa. Mutum 12 daga cikin masu yanke hukunci sun nemi gafara a rubuce. Ann Putnam, ɗaya daga cikin yaran, ta nemi tata a 1706. A 1711 hukuma ta biya diyyar fam 578, sunan Elizabeth Johnson kuwa ba a wanke shi ba sai 2022. Stoughton fa? Da gwamna ya hana shi rataye wasu takwas a farkon 1693, fushi ya yi ya tashi daga kujerar shari'a. Bai taɓa neman gafara ba. Ya zama muƙaddashin gwamna a 1694, ya mutu da girmansa a 1701, har yau kuma akwai gari a Masacusets da ɗakin kwanan ɗalibai a Harvard masu ɗauke da sunansa.