Tsohuwar Fijo Da Mota Mai Ƙwaƙwalwa

Zuwa ga Edita,

 Maganar da na ɗauko a wannan mako ta mota ce, domin gardama ta ƙi ƙarewa tsakanin ma'aikata a kan wadda ta fi, ta da ko ta yanzu. Ba ƙaramar magana ba ce, gama ma'aikaci ya kan yi shekaru yana tsimin albashi kafin ya sayi mota ɗaya, in kuwa ya yi zaɓen tumun dare, iyalinsa su za su ji a tukunya.

Bari mu fara ba tsohuwa hakkinta. A shekarar 1968 kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da motar nan 504, wadda mu ke kira Fijo, a 1975 kuma aka soma harhaɗa motocin kamfanin a Kaduna. A shekarar nan ta 1975 aka soma haɗa Volkswagen mai ƙusumbi a Ikko, wadda injinta ya ke a baya, iska ke sanyaya shi, ba ta da lagireto balle ta nemi ruwa. Abin da ya sa motocin nan suka shiga ran mutane shi ne, duk abin da ke cikinsu ido yana gani, hannu yana kai wa. Kafireto wani maƙogwaro ne mai ƙunci, iska ta bi ta cikinsa da gudu ta zuƙo fetur su gauraya. Kwantak kuwa ƙarafa biyu ne ƙanana da ke buɗewa suna rufewa, su sa wuta ta tafi ga fulogi a kan kari, tsakaninsu bai kai rabin milimita ba. In mota ta mutu a daji, direba ya buɗe bonet, ya hure kafireto, ya goge kwantak, ya kankare fulogi, yara su tura, sai ga ta ta tashi. Sifana da filaya da sukudireba sun isa guzuri. Har yanzu wanda ya shiga Kofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, zai tarad da dattawan makanikai waɗanda da jin ƙarar inji su ke gane ciwonsa.

To, amma kada son abin da muka saba da shi ya rufe mana ido. Tsohuwar mota mai saukin gyara ce, kuma mai yawan neman gyara. Kwantak yana cinyewa, kafireto yana toshewa, sa'an nan ga shan mai, wanda tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 1923 da ɗari, watau 2023, ya zama abin da kowane mai albashi ke lissafi kafin ya tā da mota. Babbar magana kuma ita ce ta rai. A shekarar 2009 wata cibiya ta kamfanonin inshora a Amurka ta gwabza Chevrolet ƙirar 1959 da Chevrolet ƙirar 2009 gaba da gaba, da mutum-mutumi a mazaunin direban kowace. Tsohuwar, duk da kaurin ƙarfenta, ɗakin direbanta ya murƙushe, sitiyari ya shigo kan mutum-mutumin. Sabuwar kuwa gabanta ya lotse ya shanye bugun, ɗakin direba ya tsira. Wanda ke ɗaukar matarsa da 'ya'yansa a hanyar Zariya ya kamata ya auna wannan.

Mai karatu zai ce, ai Turawa da kansu suna tattalin tsofaffin motoci. Gaskiya ne, har a Ingila motar da ta wuce shekara 40 an ɗauke mata harajin hanya. Amma galibi Bature yana ajiye irin wannan ne don sha'awa, kamar yadda basarake ke ajiye dokin hawan salla. Ya goge ta ran Asabar, ya zaga da ita ran Lahadi, ran Litinin ya shiga wata ya tafi aiki. Malamin makaranta a nan mota ɗaya gare shi, ita ce ta ofis, ita ce ta asibiti da tsakad dare, ita ce ta zuwa gaisuwar mutuwa a ƙauye.

Yanzu sai mu duba sabuwa. A cikinta akwai kwamfuta wadda mu ke kira ƙwaƙwalwar mota. Inji yana son kimanin kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur bisa nauyi, ƙwaƙwalwar nan ita ke tsare wannan ma'auni. Tana da 'yan rahoto, watau sansa, a wurare dabam dabam: wani yana auna iskar da ke shiga, wani zafin ruwa, wani yana cikin salansa yana sansanar hayaƙi. Da abin da suka faɗa mata ta ke ƙayyade man da injekta za ta fesa. Tun 1996 doka ta tilasta kowace sabuwar mota da za a sayar a Amurka ta zo da wata kafa mai ramuka 16 kusa da sitiyari, inda a ke soka na'ura a tambayi mota ciwonta, ƙasashen Turai kuma suka bi sahu a 2001. Motar ta kan amsa da lamba. In ta ce P0301, nufinta silinda ta farko ba ta ƙona mai daidai. Amma ba ta faɗin ko fulogi ne, ko koyil, ko injekta, ko waya ce ɓera ya ci. Wannan sai mai ilmi ya bincika.

Nan ne ciwon ya ke, ya 'yan'uwana. Ilmin gyara da yana cikin kunne da yatsa, yanzu rabinsa ya ƙaura zuwa cikin takarda, mu kuwa ba mu bi shi ba. Motocin Kwatano sun cika gari, amma da yawa cikin masu gyaransu ba su karanta abin da na'ura ta rubuta. Sai a yi ta canki-canki da kuɗin mai mota, yau a canja wannan, gobe a canja wancan. Wani ya cire abin da ke tsare zafin ruwa, wai don ƙasarmu da zafi, alhali in inji bai yi ɗumi yadda ya kamata ba, ƙwaƙwalwa ta kan ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara mai. Wani ma ƙwan fitilar gargaɗi ya ke cirewa don kada ta dami maigida. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ba duka laifin makanikai ba ne, gama kamfanoni ma suna ɓoye sirrin gyara don a riƙa komawa wurin dillalansu. Mutanen jihar Masacusets ta Amurka sun jefa ƙuri'a a kan wannan a 2012, suka sake a 2020, suka tilasta wa kamfanoni su buɗe bayanin gyara ga mai mota da ƙananan gareji. Ya kamata mahukuntanmu su yi nazarin wannan doka.

Ga shawarata. Mai tsohuwar Fijo lafiyayya, in yana da halin riƙe ta, ya riƙe, ya koya wa ɗansa inji a kanta, domin babu allon da ya fi ta. Mai shirin sayen ta zamani kuma, kafin ya biya kuɗi ya tambaya, shin a garin nan akwai mai na'urar karanta ta, akwai kayanta a kasuwa? Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kuma malaman makaranta, ku daina ganin gareji wurin jefa yaron da ya kāsa karatu. Yau gareji yana bukatar wanda ya iya Turanci da lissafi, ya san wutar lantarki. Ku tura masu ƙwazo su zauna gaban dattawan nan su karɓi ilmin kunne tun masu shi suna raye, su haɗa da na takarda. In kiɗa ya sāke, rawa ma sai ta sāke.

Allah Ya kiyaye mu da sharrin ƙarfe, Ya kai kowa gida lafiya, amin. Haza wassalam, sai mako mai zuwa.